Yaushe Rabo?

Da wannan tambaya ya tare ni a ƙofar ɗakin taron tsofaffin ɗaliban ajinmu, hannuwansa a buɗe, ni kuwa na tsaya ina laluben fuskarsa ko zan tsinci yaron da na sani a cikinta. Furfura ta cinye gemun, wuya ya yi kauri, ga tabarau. Sai da ya yi dariya na hango giɓin da ya samo a filin ƙwallo muna aji uku, sannan sunansa ya faɗo mini a baki, sunan da muka laƙaba masa, wanda ko 'ya'yansa ba su sani ba. Muka rungume juna. Ya ce ashe rai kan ga rai. Na ce kwana biyu. Kwana biyun nan shekara 35 ce cif, domin rabona da shi tun ranar da muka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawar WAEC a 1987, kowa ya saɓi akwatinsa ya nufi tasha.

Koyar da Hausa ne aikina, kuma na daɗe da lura cewa kalmar da malami ya fi maimaitawa a aji ita ce kunnensa ya fi daina ji. Sai wata rana ta tare shi a bakin wani, a wajen aji, ya ji ta kamar yau aka haife ta. Haka kalmar rabo ta yi mini ranar nan, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Tushenta raba. Daga nan rabuwa ta fito, da rarrabuwa, da rabon gado. Amma shi rabo kansa fuska biyu gare shi. In na ce rabona da Funtuwa shekara goma, tazara nake nufi, abin da ya yi mini nisa. In na ce gidan nan rabona ne, kasona nake nufi, abin da ya faɗo hannuna bayan ya tsallake hannun wasu. Ɗaya na maganar abin da ya tafi, ɗaya na maganar abin da ya zo, Bahaushe kuwa ya bar su a kalma guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda da jajiberin salla ya san dalili. Ba a samun kaso sai wuƙa ta shiga. Tsokar da ta zo ƙwaryarka, an raba ta ne da sauran jikin san, kuma ba za ta ƙara haɗuwa da tsokar da ta tafi gidan maƙwabcinka ba. Samun naka da rabuwa da na wasu, yanka ɗaya ne.

Saboda haka na ji tambayar abokina sau biyu. Da farko na ji abin da yake nufi, wato yaushe muka rabu. Wannan amsarsa na nan a kalanda. Daga baya, ina zaune ina duban dattawan da suka cika ɗakin, sai na ji ɗayar: yaushe aka yi rabon? A wace rana, a wane wuri aka yanka, har wannan ya tashi da kujerar farfesa, wancan da keken ɗinki, wancan kuma da kabari tun bai kai talatin ba?

Mu 'ya'yan UPE ne. A watan Satumba 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa, aka tattaro mu daga ƙauyuka, aka ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, wanda ya taɓo ya isa shiga aji. Wasunmu a gindin bishiya suka fara a, ba, ca. A 1982 muka shiga sakandaren kwana a tsohuwar jihar Kaduna, a ɓangaren Katsina, a tsohon tsari na shekara biyar. Akwatin ƙarfe, bokiti, kofin silba, fartanya don ranar leba. Gwamnati na ba mu yunifom da sabulu da littattafai, har da kuɗin mota in za a tafi hutu. Malamanmu kuwa daga ko'ina: Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Ghana, da masu bautar ƙasa daga Kudu da ke koyon Hausa a bakinmu. Hutun Disamba 1983 muka tafi gida a mulkin Shagari, muka dawo a mulkin soja. Daga nan abubuwa suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan ƙarshen damina. Kuɗin mota ya fara tafiya, sabulu ya bi shi, nama ya ɓace daga miya, gabza ta ƙara tauri. Kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari a loka suka riƙe mu. Duk da haka kwano ɗaya muke ci, bulala ɗaya muke sha, ƙararrawa ɗaya ke tashe mu da asuba. Ɗan hakimi da ɗan maƙeri layi ɗaya suke bi a ɗakin cin abinci. A lokacin mun ɗauka haka duniya take.

Yau in makaranta za ta sallami ɗalibanta, bikin yaye ɗalibai ake cewa. Ina son wannan kalma, kuma ina ganin wanda ya fara aro ta daga ɗakin uwa ya kawo ta makaranta ya san abin da yake yi. Yaye a gidan Bahaushe ba biki ba ne ga wanda ake yayewa. In yaro ya doshi shekara biyu, sai a ɗauke shi a kai shi gidan kakarsa ko gwaggonsa, a karɓo masa rubutun yaye wurin malam, a dama masa kunu. In ya dawo ya nemi nono, sai ya tarar an shafa maɗaci. Yakan yi kuka kwana biyu ko uku, ya yi fushi da uwar, ya ƙi kallonta, sannan ya haƙura ya kama tuwo. Uwar ma tana can tana nata kukan a ɓoye. Amma duk wannan ɗaci an shirya shi, akwai hannun da zai karɓi yaron, akwai kunun da ke jiransa.

Mu ba a yi mana biki ba. Babu riga mai faɗi, babu hula mai tunku, irin waɗanda yanzu ake sanya wa 'yan shekara biyar a makarantun kuɗi. Wanda ya gama takardarsa ya je ya miƙa katifa da littattafan laburare, a sa masa hannu, ya fita. 'Yan kimiyya da 'yan adabi ma ba rana ɗaya suka gama ba, don haka babu wata rana guda da za a ce ita ce ranar rabuwarmu. Mun zube ne kamar ganyen kuka da kaka. Maɗacin kuwa mun sha shi sosai, sai dai mafi yawanmu ba mu tarar da kaka mai kunu a ɗaya gefen ba. Mun fito cikin tsakiyar SAP, ana rage ma'aikata, ana ce wa kowa ya ɗaure ɗamara.

A makarantar allo kuwa sauka ake cewa. Mai karatu ya sauke, a yi wa allonsa zayyana, a yi walima. Kalmar mai kaya ce da ya iso masauki. A boko ba mu taɓa saukewa ba, kullum cewa ake a ci gaba.

Shekarar 1987 ta yi mana yanka biyu da ba mu gane girmansu ba sai daga baya. A watan Maris rikicin Kafanchan ya tashi ya bazu zuwa garuruwan jihar, har ɓangarenmu. Akwai 'yan kudancin Kaduna da yawa a cikinmu, Kiristoci, ɗaya daga cikinsu shi ke kwana a saman gadona tun aji biyu. Firinsifal ya sa aka rufe ƙofar makaranta, ya tara mu a filin asambili ya ce duk wanda ya taɓa ɗan'uwansa ya taɓa shi. Babu wanda aka taɓa. Amma daren nan na ji maƙwabcina yana juyi bisa gado har asuba, ni ma ban runtsa ba, kuma babu wanda ya ce wa wani uffan. Sai kuma ranar 23 ga Satumba, Janar Babangida ya cire jihar Katsina daga Kaduna. Mun rubuta jarrabawa muna 'yan jiha ɗaya, muka dawo karɓar sakamako muna 'yan jiha biyu. Maƙwabcin nan nawa ya nemi gurbin karatu da tallafi a can, ni a nan. Ba mu yi faɗa ba, ba mu ko yi sallama ba. Lokacin babu wayar hannu, sai 2001 ta shigo, kuma akwatin gidan waya da ya rubuta mini a bayan littafi na cocin garinsu ne. Wasiƙa ɗaya na aika, ban san ko ta isa ba. Bai zo taron ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce shi ma rabonsa da shi tun makaranta.

Da aka natsu, shugaban taro ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da inda yake da abin da yake yi. A nan wata kalmar ta shigo. Tun muna aji ɗaya ake tambayarmu: me kake so ka zama? Firinsifal yakan tuna mana da Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga nan Zariya, ta zama Barewa, ya lissafa mana Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, ya ce su ma daga ƙauye suka fito da akwati irin namu. Muka tashi da sanin cewa makaranta wuri ne da ake shiga a fito an zama wani abu. Wani abu, haka muke cewa. Wane ya zama wani abu. Ban taɓa tsayawa na ji nauyin maganar ba sai ranar nan: in sai ka kai wani matsayi za ka zama wani abu, kafin nan mene ne kai?

Aka fara miƙewa. Farfesa, Dakta, Injiniya, Barista, Kanar mai ritaya, Honarabul. Akwai wanda ya shiga aikin gwamnati a matsayin akawu watanni kaɗan bayan mun gama, ya cika shekara 35 a bakin aiki daidai da shekarar taronmu, yana ta zirga-zirgar takardun fansho. Akwai wanda ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri, har masaƙun Kaduna suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya bayan shekarar 2000, ya dawo gida yana sayar da taki. Na kasa kunne ga tafi. Yana ƙaruwa yana raguwa daidai da nauyin laƙabi, kuma ba na jin akwai wanda ya yi niyyar hakan. Hannuwanmu ne suka koyi lissafin da kansu.

Akwai hakimi a cikinmu, da rawaninsa da dogarinsa. A gaban jama'a duk muka rusuna muka ce ranka ya daɗe, domin sarauta ta wuce wasan sa'anni. Da aka fita salla ya jawo hannuna gefe, ya rage murya ya ce, "Don Allah kira ni da sunan nan." Na kira shi. Ya rufe ido ya yi murmushi, ya ce tun ranar da aka naɗa shi babu mahaluƙin da ya ƙara faɗinsa.

Sai layi ya zo kan wanda ya riƙe na ɗaya a lissafi shekara biyar ba a taɓa ture shi ba, wanda malami Ba'indiye kan miƙa wa alli in tambaya ta gagari aji. Ya miƙe cikin farin yadi mai sauƙin kuɗi amma ɗinkin ya zauna ɗas. Ya ce, "Ni dai ina nan zaune a garinmu, ɗinki nake yi. Iyali lafiya. Tsohuwata na da rai, kullum da safe nakan je in gaishe ta." Ya koma ya zauna. Tafin bai yi ƙarfi ba, amma shirun da ya biyo baya ya fi na kowa tsawo.

Ina zaune, in ji shi. Mu duka mun zo faɗin abin da muka zama, shi ya faɗi inda yake zaune, kuma kalmar ɗaya ce. Zama a Hausa shi ne ka rikiɗe ka koma wani abu, shi ne kuma ka sa gindinka ƙasa ka tabbata a wuri. Ma'ana ta biyun ce ta fi 'ya'ya: zaman aure, zaman tare, zaman makoki, zaman jiran tsammani, zaman duniya ɗungurungum. Magabata sun haɗa fuskokin biyu a karin magana guda, suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, suka auna su a sikeli ɗaya suka faɗi wanda ya rinjaya. Mun haddace wannan karin magana don jarrabawar Hausa, mun ci maki da ita, sannan muka kwashe shekara 35 muna bin ɗaya gefen. Da yawanmu a ɗakin nan ta waya aka gaya mana rasuwar iyayenmu mata, muna Legas ko Abuja ko wani gari da aiki ya jefa mu. Ni ina cikinsu.

Amma ba zan yi wa abokina tela rashin adalci in mai da shi waliyyin da bai san zafi ba. Bayan an ci abinci muka keɓe a inuwar wata darbejiya, ya ba ni labarin da ban sani ba. Ya samu gurbi a makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, takardar na nan a akwatinsa har yau. Saura mako uku ya tafi mahaifinsa ya rasu, ya bar mata biyu da ƙanne tara, shi ne babba. Ya ce zai jinkirta shekara ɗaya. Shekarar ta haifi wata. Ya ce har yanzu in yaran unguwa suka kawo masa lissafin da ya gagare su, yakan ajiye almakashi ya warware musu, kuma daren ranar barci kan yi masa wuya. Sannan ya shafa gwiwa ya ce, "To, malam, rabon ke nan."

Na yi shiru, domin ban san abin da ya fi wannan da zan ba shi ba. Kalmar rabo ta riƙe mutanenmu a wuraren da babu abin da zai riƙe su. Ita ke hana mai hasara haukacewa, ita ke hana mai samu ɗagawa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Mai rabon ganin baɗi ko ana ha-maza ha-mata sai ya gani. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma na ga yadda wannan imani ya tsare zukatan da hassada za ta iya cinyewa. Mutum 80 da suka fara daga kwano ɗaya suka ƙare a wurare masu nisa haka, ba don wannan kalma ba da wuya su iya zama a ɗaki ɗaya su yi dariya.

Sai dai raba aikatau ne, kuma kowane aikatau da mai aikata shi. A wurin watanda kowa idonsa na kan hannun mahauci, in ya karkata a yi magana nan take. Akwai rabon da Allah ya yi ba da hannun kowa ba: cikin da ka fito, kwanakin da aka ɗiba maka, ranar da mahaifin abokina ya kwanta bai tashi ba. Akwai kuma rabon da mutane ke yi a kan tebur da biro, sannan a lulluɓe shi da mayafin na farko don kada a tambaya. Wannan ne nake jin zafinsa.

Ni likita na so zama. A ƙarshen 1986, bayan an saki naira a kasuwar canji ta faɗo daga kusan kai ɗaya da dala zuwa wajen naira huɗu, albashin malamanmu baƙi ya daina isarsu aikawa gida. Malamin kemistiri ya haɗa kayansa ya koma ƙasarsu, muna aji biyar, saura 'yan watanni jarrabawa. Ba a turo wani ba. Muka riƙa karanta littafi da kanmu a ɗakin gwaji da babu mai buɗe mana kabad. Da sakamako ya fito, waɗanda suka samu kiredit a darasin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Gida aka ce mini ba ni da rabon likitanci, na karɓa, na tafi kwalejin horon malamai, kuma ina son aikin da na ƙare a ciki har zuciyata. Allah ya ƙaddara, na yarda. Amma akwai wani ofis, akwai wani tebur, akwai takardar turo malami da ta kwana a kansa ba a sa mata hannu ba. Aji guda na 'yan kimiyya aka yanka ranar nan, kuma mai wuƙar bai san sunan ko ɗayanmu ba.

Wanda ya fi wannan ciwo a gidanmu yake. Ƙanwata ta fi ni kai, kowa ya sani. Ita ke gyara mini karatun Turanci ina gaba da ita da aji biyu. Da ta gama aji shida aka ce ya isa. Yau in maganar ta taso sai ta yi murmushi ta ce ba ta da rabon boko. Makarantarmu ta maza ce zalla, don haka babu mace ko ɗaya a ɗakin taron, amma na tabbata da za a ce duk mai irin wannan ƙanwa ko yaya ya ɗaga hannu, da hannuwa sun fi na lokacin tafi yawa. Su an yi musu rabon tun kafin a kai ga ƙofar da muka shiga. Ba na zargin iyayenmu da mugunta, abin da suka tarar suka bi, suna ganin kariya ce. Abin da ba zan ƙara yi ba shi ne in taya ta faɗin wannan jimla.

Ana gab da la'asar sakataren ƙungiya ya miƙe da wata takarda, ya ce a yi shiru za a karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sun haura ashirin. Hatsarin mota, ciwon hanta, hawan jini, ɗaya soja ne da ya faɗi a Arewa maso Gabas, ɗaya 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gonarsa. Kowane suna aka kira sai wani ya ce Allahu akbar a hankali, wanda ke nuna yau ya fara ji. An karanta su da cikakken suna da sunan uba, kamar yadda monita ke kiran rajista, babu laƙabi ko ɗaya.

Suka riga mu. A makaranta riga abin so ne, wanda ya riga kowa gama lissafi, wanda ya riga kowa isa layi a tseren gida-gida. Na zo taron nan da niyyar waiwaye, tunda an ce shi ne adon tafiya, ina zaton abin da ya wuce a baya yake, in na juya zan gan shi. Amma Hausa ba haka ta jera mutane ba. Waɗanda suka shuɗe su ne magabata, suna gaba. Waɗanda ba su iso ba su ne 'yan baya. Ayari ne, na farko sun yi nisa, ƙurarsu kawai ake gani, na ƙarshe ba su gama ɗaura kaya ba. Duk wanda nake nema da ido a ɗakin nan ban gani ba, ba ta hanyar waiwaye zan same shi ba.

Haka ma kalmar da aka fi cika mana kunne da ita muna yara, makoma. Ku yi karatu don makomarku. Muna jinta kamar wani gari ne sabo fil a can gaba, mai benaye da fitilu, da ba mu taɓa zuwa ba. Ga shi kuwa ƙirarta ɗaya da makaranta da marina da majema da mahauta: ma a gaba, aikatau a tsakiya, sunan wurin da ake yin aikin. Makaranta wurin karatu, makoma wurin komawa. Ba a komawa inda ba a taɓa zuwa ba. Malaman zaure ba su taɓa ruɗewa a kan wannan ba, in suka ce Allah ya kyautata makoma sun san inda suke nufi. Mu 'yan boko ne muka ɗauke ta muka rataya mata albashi da mota. Na duba ɗakin na ga yadda kalmar ke janye mu zuwa ma'anarta ta asali tun kafin mu shirya: Kanar ya koma noma a ƙauyensu, mai fansho na gyara gidan mahaifinsa, farfesa na neman fili kusa da maƙabartar garinsu don ya gina islamiyya.

In na waiwaya da gaske, 'yan baya nake gani. Ba a makarantarmu muka yi taron ba, a wani ɗaki muka yi a cikin gari, domin tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, hankalin kowa bai ƙara kwanciya da makarantun da ke bakin daji ba. Mu yunwa da bulala muka sani, ba mu taɓa kwana muna sauraron ƙarar babura ba. Wasu daga cikinmu sun je sun dubo makarantar da safe, suka dawo da hotuna: rufin ɗakin kwananmu ya yaye, ɗakin gwajin nan ba ƙofa, yara na zaune a ƙasa. Ana yi musu nasu rabon yanzu haka, kuma wannan karon masu riƙe da biro sa'anninmu ne, wasunsu suna cikin ɗakin nan suna shan lemo. An yi alkawarin gyara azuzuwa biyu, aka buɗe asusu, aka rubuta sunaye. Na miƙe na roƙi a ƙara abu ɗaya, a nemo malamin kemistiri ko da mu za mu riƙa biyansa. Aka rubuta.

Da aka shafa fatiha mutane suka fara watsewa, ana musayar lambobi, direbobi na tayar da motoci. Abokina tela ya kamo hannun rigata, ya zaro tef daga aljihu, ya ce in tsaya sosai. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna tsawo, bai rubuta komai ba, a ka yake riƙewa kamar dā. Ya ce kaftani zai ɗinka mini, amma ba zai ba direba ya kawo ba, sai dai in je da ƙafata in karɓa, in gaida tsohuwa.

Na ce, "In da rabo."

Ya naɗe tef ɗinsa ya mayar aljihu, ya dube ni ya ce, "Malam, motar garinmu kullum tana lodi a tasha, ƙarfe bakwai take tashi."

Asabar ta biyu bayan taron, tun shida da rabi ina tashar, na samu kujerar bakin taga.